Hular Inna a Kan Agogon Kuɗi

Akwai wani hoto a zauren marigayi Baba Sani na Gidan Dare wanda duk kun san shi, kun kuma sha tsayawa gabansa kuna ƙirga kawuna. 'Yan Nijeriya ne da ranar samun 'yancin kai ta riska a birnin Madaras na ƙasar Indiya, kowa ya sha babbar riga ko kwat, an jera ana murmushi. Ni ba na ciki. Shekara da shekaru Sani, Allah ya jiƙansa, yana ba ku dalili: wai wani direban keke mai ƙafa uku ne ya yi mini wayo, ya yini yana zagaye gari da ni, ya cinye kuɗina, ya tuɓe mini hula, ya ajiye ni bayan taro ya watse. Na ƙyale shi yana faɗa domin ya iya labari, ku kuna dariya, ni ma ina yi. Amma yanzu da jikokina suka fara cewa tsoron masu agwagwa da buje, wato kekunan nan masu ƙafa uku, nake ji, shi ya sa nake tsayawa ina lallashinsu kafin in tafi, na ga gara in rubuta yadda abin ya kasance tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Hula dai na rasa ta, wannan gaskiya ne. Sauran kuwa gishirin Sani ne.

Gidanmu na Ƙofar Marke gidan fata ne tun kakanni. Mahaifina, Malam Garba, yana sayen fatun jar akuya daga mahauta da mutanen ƙauye, a jeme a gida da bagaruwa, a rina da karan dafi, a sayar wa dukawa da fatake. A kasuwa yana da rumfa, a rumfar yana da wani tsohon buzu da ya gada wurin nasa uban, kuma duk wanda ke zaune a kan buzun nan shi ne mai bakin ciniki a gidanmu. Mutanen ƙauye sukan ce in za ka kai wa Malam Garba fata, ka ci tuwo tukuna. Zai juya fata, ya shinshina, ya ɗaga ta ga rana har ya gano inda wuƙa ta kuskure, sannan ya taya da abin da bai kai sulusi ba. Mai fata ya ce albarka. Baba ya tambaye shi ruwan bana da lafiyar gero, ya ƙara kwabo. A ce albarka. Ya miƙe kamar zai tafi, ya dawo, ya ƙara ɗari, wato rabin kwabo. Haka za a yi ta yi har inuwa ta juya. In ciniki ya faɗa kuma, sai ya kama hannun mutumin ya riƙe, yana kallon fuskarsa, ba ya saki sai ya ji an ce "na sallama". Na taɓa ganin ya mayar wa wani tsoho fatunsa bayan an gama, wai bakinsa ya sallama amma fuskarsa ba ta yi ba. Ni a lokacin ban ɗauki wannan riƙon hannu a bakin komai ba. Idona yana kan yadda ake karya farashi, kuma na koya har na so in fi malamin.

Ana saura kamar shekara guda a ba mu mulki, ina da kamar ashirin da huɗu, sai wani malamin duba fatu na gwamnati ya zo gida ya ce ana neman samari biyu masu ɗan karatun boko a tura su Indiya su koyo jimar zamani. Ya ce ya ga hannuna, ya kuma san ina harhaɗa Turanci. Na biyun shi ne Sani. Maganar ta kwana uku tana yawo tsakanin zaure da cikin gida. Inna ba ta faɗin sunana domin ni ne ɗan fari, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye gaban mutane, sai dai ta yi da bango in tsinta.

"Ƙasar da anka ce ba su yanka saniya, can za a koya ma mutum jima?" in ji ta. "Mi sunka sani ga hwata?"

"Ilimi ko ga wa yake, amso shi aka yi," Baba ya ce. "Shi tahi. In ya komo lahiya da abin da ban sani ba, ni tashi bisa buzun ga shi zamna."

Ban yi barcin kirki ba a makon nan saboda murna. Buzun nan tun ina ƙarami nake kallonsa. Inna kuwa sai ta ɗauko allura da zare shuɗi. Wata uku tana ɗinka mini hula a bakin ƙofar ɗakinta, tana matse ido, domin tun lokacin ganinta ya fara raguwa. Ranar tafiya na tarar da hular a kan adakata. Ina fita na ji ta tana gaya wa bango:

"A hwaɗa ma mai tahiya, kai ba hula kan mahaukaci na."

Ba zan gajiyar da ku da mota da jirgin ƙasa da jirgin ruwa da amai ba. Mun isa Madaras, aka sa mu a wata majema mai injuna, muka ga ana aske fata da ƙarfe cikin ƙiftawar ido, abin da a gida sai mutum ya yini. Zafin garin irin mai jiƙa riga ne, abincinsu kuma barkono ne da ɗan shinkafa a gefe. Bayan wata huɗu ban san komai na garin ba sai hanyar majema da ta masallaci. Wata Lahadi na ce yau kam sai na buɗe ido: in ga teku daga tudu ba daga cikin jirgi ba, in ga giwa, in ga doguwar hasumiyar da ke haska wa jirage. Sani yana kwance, barkono ya kayar da shi, sai na fita ni kaɗai.

A bakin titi akwai tashar kekunan nan masu ƙafa uku, su ne dai agwagwa da bujen da suka cika muku gari yanzu, waɗanda mu a lokacin ko a mafarki ba mu san su ba. Na zaɓi wani gajeren mutum siriri mai gashin baki, da tawul a kafaɗa. Na yi masa sallama don gwaji, sai ya amsa cikakkiya. Zuciyata ta yi sanyi. Da guntun Turancina da guntun nasa da hannuwa huɗu na fahimtar da shi wuraren da nake so. Na tambayi nawa. Sai ya nuna mini wani akwatin ƙarfe da ke maƙale a gefen keken, mai 'yar tuta da lambobi a fuska. Agogon kuɗi ne: in ana tafiya lambobin suna juyawa, in an isa ka biya abin da ya nuna. Na dubi akwatin nan na ji raina ya ɓaci. Ni ɗan Malam Garba, in zo tun daga Sakkwato, ƙarfe ya yanke mini farashi? Abin da ba ya gaisuwa, ba ya jin tayi, ba ka iya tambayarsa lafiyar iyali? Na tabbata a raina dabara ce ta cin baƙi. Sai na cire hular Inna na kife ta a kan akwatin.

"A garinmu," na ce masa da Hausa, "mutum ka ciniki da mutum."

Sau uku yana nuna akwatin, sau uku ina girgiza kai. Da ya ga ba zan bari ba, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini yatsu shida, rupi shida ke nan, kuɗinsu na can. Na nuna biyu. Ya kawar da kai kawai. Wannan ya fi akwatin ɓata mini rai, domin a wurinmu ba a ƙin tayi da ƙeya. Na dafa shi na ce ba haka ake yi ba, in ba ka yarda ba sai ka ce albarka. Na maimaita masa har bakinsa ya kama. Ku duba fa, ni da kaina na zauna na koya wa mai kaya yadda zai ƙi tayina. Kafin a jima direbobin tashar duk sun kewaye mu. In na ƙara kaɗan ya ce "albarka", su kwashe da dariya, ni kuma ina ɗauka gwanintata suke yabo. Na tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya nuna huɗu, na sa musu albarka. Na yi tafiyata taku goma, na dawo. Na duba tayar keken na nuna masa ta sha jiki, kamar yadda Baba ke nuna ɓarnar wuƙa. Bayan rabin sa'a muka tsaya a rupi uku, rabin abin da ya nema.

Yinin nan yana cikin ranaku mafi daɗi a rayuwata. Keken yana ta ɓaɓatu yana kutsawa tsakanin shanu da motoci, yana matsa wani ƙaho na roba, ni ina baya iska tana kaɗa mini riga. Na bar hular a kan akwatin, na yini kai ba hula, don kada ƙarfe ya sa mana baki. Da Inna ta gani da ta ce maganarta ta tabbata. Na ga giwa tana karɓar ayaba daga hannun mutum ta kai baki. Na hau hasumiya har can ƙololuwa, na hango gari ya shimfiɗu ba iyaka. Ya saya mini kwakwa ɗanya aka sare kanta na sha ruwan. Azahar muka yi tare a wani babban masallaci, inda na ari hular kaba cikin waɗanda ake ajiye wa masu zuwa. Sannan teku. Na tuɓe takalmi na shiga har idon sawu, ruwa ya zo ya ja yashi daga ƙarƙashin ƙafata, na yi ta dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. Da la'asar ya mayar da ni masauki. Na ƙirga masa rupi uku, na ɗauke hulata ba tare da na ko kalli akwatin ba. Shi kuwa ya kalli akwatin, ya kalli kuɗin, sai ya ja tawul ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ya tayar da keke ya tafi. Na ce a raina, yau Indiya ta san ɗan Malam Garba ya zo.

Na zauna na rubuta wa Baba wasiƙa da ajami, shafi biyu, duk a kan cinikin nan. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce na karya mutumin daga shida zuwa uku, har sai da ya rufe fuska yana kuka. Na aika, na yi ta jiran yabo. Amsa ba ta zo ba sai saura kwana takwas jirginmu ya tashi, kuma layi biyar ce kacal. Har yau ina da ita.

"Ummaru, na ga takardarka. Ka ce mutum ya yini yana yawo da kai, kuma ya yi kuka. Na karanta sau ukku, ban ga inda kac ce ya sallama ba. Hwata aka matsa ma mai ita, ba a matsa ma mutum ga guminai. Ka nemo shi, ka kama hannunai, ka ji da bakinai. In ba ka samo ba, ka komo gida, gidanku na, amma buzu ba naka na ba."

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kunya ta fara kama ni, sannan tsoro. Sai a lokacin na tuna riƙon hannun nan da na raina, na tuna ban taɓa ganin Baba ya yi jayayya da ɗan dako ko mai jaki ba, shi da yake iya yini a kan kwabon fata. Ni ban ma tambayi sunan mutumin ba. Na nuna wa Sani takardar.

"Wagga magana mai sauƙi ta," ya ce. "In mun koma ka ce ya sallama. Ni shaida. Wa ka zuwa Indiya shi bincika?"

"Baba huska yaka duba," na ce.

"To ka gyara huskar tun cikin jirgi."

Ba zan ɓoye muku ba, na juya shawarar nan a raina. Amma na san ko da na wuce idon Baba, ni zan zauna a kan buzun ina sane. Sai na shiga nema. Kullum in an tashi daga majema na nufi tashar da na same shi, ba ya nan, domin su ba sa zama wuri ɗaya. Na bi wasu tashoshin. Ina tambayar gajere siriri mai gashin baki da tawul, ashe rabin garin haka suke. Kwana shida na yi ban samu ko ƙurarsa ba.

Rana ta bakwai ita ce ranar 'yancin kai, an kuma ba mu hutu. 'Yan ƙasarmu da ke garin sun kama wani zaure a bakin teku, za a taru da ƙarfe huɗu, a ci shinkafa da naman rago, mai hoto ya zo. Tun mako biyu na sa aka goge mini babbar riga. Ina son taron nan ƙwarai, domin mutum yana nesa da gida ne yake sanin daɗin a ce ƙasarsa ta zama tata. Na ce wa Sani zan fita da safe in yi zagaye na ƙarshe, in same su can. Har azahar ta wuce ban samu komai ba. A wata tasha kusa da tashar jirgin ƙasa na tsaya ina ta bayani, direbobi suna kallona kamar ina karanta musu wasiƙar wani. Da haushi ya ishe ni, sai na cire hula na kife ta a kan agogon keken da ke kusa, don in nuna musu abin da ya faru.

Sai tashar ta fashe da dariya. Wani ya tafa hannu, wani ya riƙe ciki, wani dattijo da ke cin abinci ya ƙware. Sai na ji daga ko'ina ana cewa "albarka, albarka", da bakin Indiyawa. Ashe labarina ya gama tashoshin garin tun watanni, dogon baƙin mutum mai sa wa agogo hula. Kafin in farga an kife mini hulata a ka, an tura ni cikin wani keke. Wannan ya kai ni wata tasha ya miƙa wa wani, wancan ya miƙa wa na uku, ba wanda ya karɓi ko anini, kowa ladansa ya nuna ni ga abokansa. Na ukun ya tsaya a wata mararraba ya yi mini nuni: mutumin yau bai fito aiki ba, yana unguwarsu, can nesa ta dama. Ta hagu kuwa ina hango shuɗin teku, inda zauren taronmu yake. Na duba agogon hannun direban, huɗu saura kwata. Na tuna rigata da aka goge, na tuna hoton da za a kai gida a nuna wa 'ya'ya da jikoki. Na nuna masa dama.

Muka same shi a kan benci a rumfar mai shayi, da tawul ɗinsa. Sunansa Abdulƙadir. Yana ganina ya miƙe ya rungume ni. Mai shayin tsohon soja ne da ya iya Turanci, shi ya zama tafinta. Na tsaya na yi bayani kamar mai neman gafara gaban alƙali: na ce na matsa masa, na sa shi kuka, mahaifina ya aiko in nemi yafiya, ga cikon rupi uku ya zama shidan da ya nema tun farko. Tsohon soja yana juyawa, sai na ga Abdulƙadir ya sake jawo tawul ya rufe fuska, kafaɗu suna rawa. Wannan karon ina kusa, na ji sautin. Dariya yake yi. Da ƙyar ya yi magana, tsohon ya juya mini:

"Ya ce ranar nan, da kuka tashi, hannunsa ya saba, ya kwantar da tutar agogon ta ƙarƙashin hularka. Agogon ya yini yana aikinsa. Da ka ɗauke hula, abin da ya nuna bai kai rupi biyu ba. Ya ce sau uku yana nuna maka hanyar arha kana ƙi. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya yi rabin sa'a yana gumi domin ya ƙara wa kansa kuɗi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tuna duba tayar da na yi, da taku goma, da wasiƙa mai shafi biyu, da barewa da ɗanta. Sai dariya ta taso mini daga ciki, na zauna a kan benci na yi ta yi har hawaye, mutanen rumfar suna taya ni. Abdulƙadir ya ciro rupi ɗaya zai mayar mini, na tura hannunsa na ce ciniki ya riga ya faɗa, ni na sallama. Amma na ce har yanzu da sauran aiki: dole in koma wa mahaifina da kalmar daga bakinsa, in ba haka ba na rasa mazaunin gidanmu. Tsohon soja ya yi masa bayanin buzu da riƙon hannu. Ya saurara da kyau, ya daina dariya. Ya yi ɗan tunani, ya gyara tawul, ya dube ni ido cikin ido.

"Albarka," ya ce.

Ɗalibina ya gane yana da kayan da nake bukata, kuma ni na koya masa ciniki. Na taya da rupi ukun, albarka. Na ƙara alƙalamina, albarka. Na nuna takalmina na Sakkwato, jan fata aikin gidanmu, ya yaba, ya ce albarka. Ya tambaye ni lafiyar mahaifina. Ya miƙe ya yi taku goma ya dawo, rumfa ta ɗauki shewa. Sannan ya nuna kaina. Hular yake so. Tsohon ya ce tun ranar nan fasinjoji ke neman kekensa don su ji labarin, amma wasu suna cewa ƙarya ne, yana son ya rataya ta a kan agogon kowa ya gani. Nan dariyata ta tsaya. Na cire ta na riƙe, na ga ɗinkin nan ƙanana, na ga Inna a bakin ƙofa tana matse ido. Na ji ciwo a raina sosai. Amma ni na zo nema, kuma shi ne mai kaya. Na miƙa masa, na kama hannunsa na riƙe kamar yadda Baba ke yi, na dubi fuskarsa. Na faɗa masa kalmar sau biyu, ya kama.

"Na sallama," ya ce, fuskarsa a sake, har da wushirya.

Ni ma ɗan kasuwa ne, ban saki hannun ba sai da na nemi gyara. Na ce a garinmu in an gama ciniki mai kaya yana ƙara ɗan wani abu a sama. Gyarana shi ne ya kai ni taronmu. Ya fito da keke, ya kafa hular a kan agogo, muka kwasa yana matsa ƙaho tun daga unguwarsu har bakin teku. Muna isa, mai hoto yana naɗe ƙafafun na'urarsa. Abin da Sani ya gani ke nan daga bakin ƙofa: ni na sauko da babbar riga kai ba hula, wani Ba'indiye ya juya keke ya tafi da hulata yana ɗaga hannu yana cewa albarka. Ku kanku da kuna wurin da irin labarinsa za ku bayar. Na samu ƙanzon shinkafa da ƙashi biyu, na ci a tsaye ina kallon sabuwar tutarmu, kuma ban taɓa jin jikina sakayau kamar yammacin nan ba.

Na iso Ƙofar Marke da wata farar hular Indiya da na saya a bakin jirgi. Baba yana zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi injuna ba.

"Ya sallama?"

"Ya sallama, Baba."

"Da bakinai?"

"Da bakinai da huskatai. Har da gyara."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai. Da na so da na tsaya nan, mutuncina a rufe. Amma na kwashe labarin agogo duka na gaya masa. Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya jingina da bango, rawaninsa ya zame, ya yi ta tari, yana cewa ɗan Malam Garba ya ƙetare teku ya koya wa mutum ya ƙi tayinsa. Ana cikin haka muka ji motsi a bayan ƙofar cikin gida.

"A tambayi mai tahiya," in ji Inna, "ina hula."

Na sunkuyar da kai na faɗa wa ƙofar gaskiya. Baba ya daina dariya. Sai a ranar na san abin da ban sani ba lokacin da nake miƙa hular: a watannin da na yi a can idonta ya ƙarasa, ba ta ƙara iya sa zare a allura. Hular nan ita ce ɗinkinta na ƙarshe, kuma ba ta sake yi wa kowa wata ba. Wannan shi ne abin da na biya, ya fi hoton nesa ba kusa ba, kuma har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirji.

Washegari a kasuwa Baba ya tashi daga kan buzu gaban mahauta da dillalai, ya cire farar hular Indiya daga kaina ya sa mini tasa, ya koma kan tabarma a gefe. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a kan buzun, na matsa wa masu fata yadda aka koya mini, ban kuma taɓa sakin hannun mutum ban ga fuskarsa ba. Shi ya sa har gobe in mai agwagwa da buje ya sauke ni, ba na jayayya da shi a kan guminsa, sai in ba shi, in tsaya in ce ka sallama? Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka tsufa ne. Ba tsoro ba ne, ku gaya wa 'ya'yanku.

Inna kuwa kwana uku ba ta yi wa bango maganata ba, ni kuma ina ta raɓe-raɓe a tsakar gida. A rana ta huɗu maƙwabta mata suka shigo yi mata barka da dawowata. Ina bayan rumbu ina jiƙa bagaruwa, na ji wata tana jajanta mata hular da aka ce an ƙwace. Inna ta katse ta.

"Wa ac ce ƙwacewa anka yi? Saye anka yi, kuma da tsada, an ba shi kuɗɗi ya ƙi, an ba shi takalmi ya ƙi, sai ita. Ni ko Wurno ban wuce ba, amma ɗunkina na can Indiya gaban mota, kullum yana kallon teku."

Har ta rasu, duk baƙuwar da ta shigo gidan nan sai ta ji wannan labari.